Karatun Tsingaro

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a gonakin tudu na ƙasar Wurno, tun daga Kwargaba da Lugu har a nufi Rabah ko a haura Goronyo, ya san ƙarar da bakin hauya ke yi idan ya ci karo da tsingaro. Ta bambanta da ta dutse, ta bambanta da ta saiwa. Wani ɗan "ƙas" ne maras nauyi. Manomi kan sa ƙafa ya ture shi gefen kunya ya ci gaba da aikinsa. In ka matsa wa dattijo da tambaya, iyaka ya ce maka, "Tukwanen mutanen dauri na, Malam. Nan munka iske su." Yara kuwa su tsince, su goge gefensa a jikin dutse har ya yi zagaye, su yi wasa da shi.

Akwai wani mutum da in ya tsinci wannan tsingaro ba zai yar ba. Zai hure ƙurar, ya juya ciki ya juya baya, ya karkata shi wajen rana, ya shafa wurin karayar da babban yatsa. Kafin ka ƙirga ɗari ya gaya maka ko bakin randa ne ko wuyan tulu, ko an taɓa ɗora tukunyar a murhu, abin da maginiyar ta cuɗa yumɓunta da shi, da abin da ta mirgina a jikin tukunyar ta yi mata ado. In ka nuna masa daidai wurin da hauya ta tono shi, zai fara lissafin zamanin da ta rayu. Wannan sana'a ita Turawa ke kira akiyoloji, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma sashe guda gare ta. Ni dai karatun kufai nake ce mata, don karatun ne ya fi burge ni a cikinta.

Mutanenmu da yawa, da sun ga baƙi da igiyar awo da shebur a bayan gari, sai a fara raɗe-raɗin tukunyar zinariya da aljanu ke gadi. Gwanin kufai zai yi murna in ya ga zinariya, ai ɗan Adam ne. Amma ka ba shi zaɓi tsakanin zoben zinariyar da aka kawo masa a aljihu, da ƙwayar gero ƙonanniya da ya ciro da hannunsa daga toka mai zurfin kamu huɗu, geron zai ɗauka. Zoben ya rabu da mazauninsa, ba wanda zai iya cewa na waye, na yaushe. Geron kuwa yana nan cikin danginsa: tokar da ya ƙone a ciki, tsingaron da ke kusa da shi, ƙasar da ke bisansa da wadda ke ƙarƙashinsa. Sana'ar gaba ɗaya a kan wannan ta tsaya. Inda abu yake kwance ya fi abin kansa bayar da labari.

Aikin da ƙafa da ido yake farawa, hauya tana rataye. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ta yi fili, ko bayan ruwan farko ya wanke fuskarta. Gwani na tafiya a hankali, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Yana lura da inda launin ƙasa ya juya daga ja zuwa toka-toka, don tsohon juji ba ya ɓoyuwa; manomi ma ya san wurin, nan ne dawarsa ke fin ta ko'ina tsawo. Yana lura da kukoki da suka taru wuri guda a dajin da ba kowa, domin kuka abokiyar zaman mutum ce, takan daɗe tsaye bayan masu shan miyarta sun tashi. Wani dogon tudu da ya lanƙwasa ya kewaye fili, da kwari a bayansa, wanda mai wucewa zai ɗauka halitta ce, shi ya san ganuwa ce ta narke. Baƙaƙen duwatsu masu ƙuraje da ramuka, masu nauyi fiye da girmansu, kashin maƙera ne, shaidar an taɓa narka tama a wurin. Da yamma kuma ya je ya gaida mai gari da dattawa, ya zauna a tabarma ya yi ta tambayar sunayen wurare. Filin da ake kira Marina alhali ba karofi ko ɗaya a cikinsa, ko fako mai suna Tsohon Gari, rabin aikin ke nan an yi masa.

Ƙasar Gulbin Rima kuwa cike take da irin waɗannan wurare, don garuruwa sun sha tashi da faɗuwa a bakinsa. A sama da Goronyo, wajen Sabon Birni, ga kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a ƙarni na 18, wanda masu jihadi suka ci a 1808. Can yamma, a ƙasar Binji, ga Surame ta Kanta, mai ganuwar duwatsu, birnin Kabi tun ƙarni na 16, wadda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Wurno kanta ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce. A nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a cikinta a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wani zai ce, ƙasar da malamanta suka bar littattafai jibge, me za ta nema a juji? Littattafan sun faɗi wanda ya yi sarauta, da wanda ya yi yaƙi, da hukuncin da aka yanke. Ba su tsaya faɗin girman ɗakin talaka ba, ko irin hatsin da aka fi ci a shekarar fari, ko daga ina matan gari ke sayen tukwane. Sannan kafin alƙalami ya zo ƙasar nan, mutane sun yi dubban shekaru suna haihuwa suna mutuwa a bakin wannan gulbi. Su ba su da wani marubuci sai jujinsu.

A nan tsingaro ya zama sarki. Ƙwarya takan ruɓe, tabarma gara ta cinye, ƙarfe ya yi tsatsa ya zama gari, zane ko maganarsa ba a yi. Yumɓun da ya shiga wuta kuwa ya ƙi komawa ƙasa. Hausawa sun ce ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki, har ma laƙabin nan ya bi wani Sarkin Musulmi da ya zauna Wurno, Abdurrahman, wanda ya rasu a 1902. To gasasshen kasko shi kam yana kai labari shekara dubu uku. Tukunya na fashewa sau ɗaya, daga nan ba abin da zai ƙara samun ta.

Ga yadda gwani ke karanta shi. Da farko wurin karaya yake dubawa, don nan cikin yumɓun ya bayyana. Yumɓu zalla yakan tsage a wuta, saboda haka kowace maginiya tana da abin da take cuɗa shi da shi: wata yashi, wata ƙaiƙayi, wata kashin jaki, wata kuma ta daka tsohon tsingaro ta zuba garin. Ƙaiƙayi yakan ƙone ya bar 'yan ramuka masu siffarsa, har akan gane na gero ne ko na dawa ko na shinkafa. Ka ga an san abin da ake nomawa ke nan, ba a ga rumbu ba. Tsakiyar karayar in ta yi baƙi gefe biyu suka yi ja, wutar gashin ba ta daɗe ba. Sai ya koma baki. Guntun baki mai faɗin yatsa uku ya isa: zai ɗora shi a kan takarda mai zanen da'irori, ya ga wadda lanƙwasarsa ta hau, nan take ya san faɗin bakin tukunyar duka. Baƙin hayaƙi a gindi na cewa ta girki ce. Ciki da ya zaizaye ya yi ƙuraje na iya nuna an daɗe ana ajiye abu mai tsami a ciki.

Adon jiki shi ne wurin da na fi jin daɗi. Yawancin zanen da ke jikin tsofaffin tukwanen ƙasar Hausa da maƙwabtanta mirginawa aka yi. Maginiya kan murɗa 'yar igiya, ko ta naɗe tsagin kaba, ko ta sassaƙa guntun itace, ta ɗora a ɗanyar tukunya ta mirgina da tafin hannu, sai zane ya fito a jere kamar saƙa. Kowane abin mirginawa da sawunsa. Gwani kan danna ɗan yumɓu mai laushi a jikin tsingaro ya ɗago, sai ga siffar igiyar ta fito, har ya ga ko dama aka murɗa ta ko hagu. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin yarinya yadda ta ga uwarta na murɗawa haka za ta murɗa har ta tsufa. Ado na iya canjawa don kasuwa, amma hannu ba ya saurin sake hali. In aka bi sawun murɗi iri ɗaya daga kufai zuwa kufai, ana bin sawun aure da ƙaura da dangantaka ne. Da irin wannan duba Anne Haour ta yi aiki a Kufan Kanawa, wani kufai mai ganuwa a yankin Damagaram na Nijar, wanda ake ba da labarin cewa daga can wasu mutanen Kano suka taso.

Masanin kufai na ƙwarai kuma ɗalibin maginiya ne. Tun a 1929 wani Bature, W. E. Nicholson, ya rubuta bayanin yadda maginan tukwanen Sakkwato ke aiki, kuma har gobe mai son gane tsingaro sai ya je ya durƙusa gaban tsohuwar da ke gini ya ce, "Inna, duba mini wannan." Sau da yawa takan karɓa ta shafa cikinsa, ta ce an kifa wata tukunya ne aka gina wannan a bayanta, ko kuwa a rami aka bubbuga ta, ga sawun tabarmar da aka shimfiɗa. Abin da shi zai kwana yana aunawa, ita yatsunta sun riga sun sani.

Wasu abubuwan kuma da kansu suke faɗin zamaninsu. Taba daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen shekara ta 1600, saboda haka duk ƙasar da aka sami lofe a cikinta ba ta wuce shekara 400 da 'yan kai ba. Haka tukunyar da aka yi wa ado da totuwar masara, don masara ma baƙuwa ce daga can. Gululun mazari na cewa ana kaɗi a gidan. Wuri kuwa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya yi tafiya har ya iso. Sai kuma ɗan dutsen nan mai santsi da kaifi a gefe guda, wanda muke kira gatarin aradu, bokaye na ɓoyo a jaka. Kakata tana da guda a cikin kwallarta, ba ta bari mu taɓa. Mutanen Turai ma sun daɗe suna cewa tsawa ce ke jefo shi, Yarabawa kuma suna danganta shi da Shango. Gatari ne na gaskiya, mutum ne ya wasa shi a kan dutse kwana da kwanaki, ya ɗaura masa ƙota, ya sare itace da shi tun ba a san ƙarfe ba.

Sai bayan duk wannan ake tono, shi ma da izini: na mai gona, na hakimi, da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon haka. Maƙabartar mutanen gari kuwa ba a kusantarta. Akan kafa turaku huɗu a ja igiya, mita biyu a kan mita biyu ko ma ƙasa da haka, a shiga kankare ƙasa da cokalin magini, kaɗan-kaɗan, kamar mai fere kabewa. Duk kwanon ƙasar da aka ɗebo sai ya bi ta rariya. Duk abin da ya fito sai an auna zurfinsa da nisansa daga igiya, an zana, an ɗauki hoto, an sa a jaka mai lamba, kafin a ɗaga na gaba. Mai kallo zai ce wannan ai wasa da lokaci ne. Ƙato ɗaya da diga zai gama ramin kafin azahar. Gaskiya ne. Sai dai tono littafi ne da ake karantawa ana yaga shafin. Ramin da aka haƙa ba ya sake haƙuwa, abin da ba a rubuta ba a ranar ya tafi ke nan.

Abin da ake kiyayewa da wannan jinkiri shi ne hawa-hawan ƙasa. Wannan ilimi mahaƙan rijiya sun riga kowa saninsa: bayan jigawa a sami jar ƙasa, bayanta marmara, bayanta laka, sannan yashin ruwa. Na ƙasa ya riga na sama kwanciya. Mutanen fadamar Rima ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, don sun ga yadda ambaliyar 2010 ta shimfiɗa sabuwar laka a kan gonaki da gidajen da suka rushe. Wanda zai tona wurin nan da shekara 500 zai iske wannan shimfiɗa, ya san duk abin da ke ƙarƙashinta ya riga ruwan. Wahalar ita ce ƙasa ba ta kwanciya lafiya lau kamar shafukan littafi. Wani ya haƙa ramin shara shekara 200 da suka wuce ya huda daɓen kakanninsa. Gafiya ta ja guntun roba ta kai shi zurfin da ba nasa ba. Gara ta yi ta hawa da sauka da ƙasa. Gwaninta ita ce mutum ya ji a hannunsa, ta bakin cokali, cewa ƙasa ta sake taushi, ya tsaya, ya yayyafa ruwa, ya ga gefen tsohon rami ya fito kamar tabon mai a riga. Wannan ba a koyonsa a aji. Na ga masu digiri da ba su da shi, na kuma ga lebura ɗan ƙauye da ya kama shi cikin mako biyu.

Bari in ɗan ratse, tunda ana maganar abin da ke ƙasa da abin da ke sama. In aka wuce duk sawun ɗan Adam a wannan yanki aka ci gaba da nutsawa, teku za a tarar. Masana duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun dutsen yankin sunayen garuruwanmu: ta Taloka a ƙasa, ta Dukamaje a tsakiya, ta Wurno a sama, duka sun kwanta fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da ruwan gishiri ya rufe wurin. A shimfiɗar Dukamaje aka sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, wadda Augusto Azzaroli da abokan aikinsa na Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. Sunan na nan a littattafan dabbobin da suka ƙare, mai karanta shi a wata ƙasa ba lallai ya san Goronyo gari ne mai kasuwa da madatsar ruwa ba. Wannan fanni dabam ne da na kufai, amma ido ɗaya suke aiki da shi.

Hawa-hawa na faɗin wanda ya riga wani. Adadin shekaru kuwa sai an je ɗakin gwaji. Duk abu mai rai, tsiro ko dabba, yana ɗaukar wani nau'in sinadari da ake kira kabon-14 muddin yana raye. Ran da ya mutu ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya shiga raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. In aka auna saura, an san lokacin mutuwa. Willard Libby na Amurka ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1960. Amma na'ura abin da aka ba ta take aunawa, zaɓen abin da za a ba ta shi ne aikin gwani. Gawayin kirya, wanda maƙera ke so, na iya fitowa daga itacen da ya shekara 200 kafin a sare shi, sai lissafi ya zarce. Ƙwayar gero kuwa damina ɗaya ta yi a duniya. Shi ya sa za ka ga babban malami tsugune gaban bokiti yana zuba ƙasar murhu a ruwa yana motsawa, yana tace 'yan baƙaƙen abubuwan da suka taso da ƙyalle mai laushi, kamar mai wanke shinkafa.

Abin da wannan haƙuri ke haifarwa, a dubi Nok a kudancin Kaduna. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a can, wajen 1943 kuma wani kai da aka kafa a gonar doya don korar dabbobi ya isa hannun Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Shekaru da dama an san fuskokin, ba a san masu su ba. Sai daga 2005 ayarin Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da ma'aikatan Najeriya, suka shiga tono na tsanaki. Rariya da bokiti suka nuna mutanen Nok na noman gero da wake, suna cin atili, kuma zamansu ya faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2021 aka bayyana wani abin da ya fi wannan daɗi: an niƙa guntayen tukwanensu an tace maiƙon da ya shige jikin yumɓun, sai ga kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Zuma mai shekara 3,500. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani ba su san tsufan ya kai nan ba.

Wani lokaci kuma gwanintar ta farko ta mai tsintuwa ce. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Da ya ga sassaƙaƙƙe ne, bai faskara ba, ya kai labari. A 1994 Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Breunig suka tone shi: kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da gatari ya riga hankali a ranar nan, da an dafa tuwo da shi an manta. A Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina ma, da aka tona wasu tuddan kaburburan sarakunan da a 1992, ba a tsince kayan ɗaya-ɗaya ba. An yanko ƙasar dunƙule guda, daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus aka buɗe a hankali a ɗakin gwaji. Aka sami awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da kayan zinariya, da tasar ƙarfe daga Gabas ta Tsakiya, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16, kowanne a inda aka ajiye shi a jikin mai shi.

To mu fa? Mu ma muna da namu, sai dai labarin ba daɗi. A manyan gidajen tarihi da kasuwannin kayan gargajiya na Turai da Amurka akwai wasu mutum-mutumin yumɓu da ake kira "na Sakkwato". Kowa ya gan su sau ɗaya zai gane su: gira mai nauyi da ta sauko ta kusa rufe ido, gemu mai tsini, fuska a ɗaure kamar alƙalin da aka kawo wa ƙarar banza. Gwaji ya nuna tsufansu ya kai shekara 2,000 ko kusa da haka, wato sun yi kusan zamani da na Nok. Gwajin ma na dabam ne, tunda yumɓu ba shi da rai: ƙwayoyin yashin da ke cikinsa na tara wani ƙarfi daga ƙasar da suke kwance, wutar gashi ta share na baya, in aka sake zafafa ɗan garinsa sai ya fitar da haske gwargwadon daɗewarsa. Amma lissafin ba ya yin daidai sosai sai an auna ƙasar da abin ya kwanta a ciki, ita kuwa an baro ta.

Kusan dukkansu masu haƙar sata ne suka tono su, da dare ko da rana tsaka, aka sayar wa dillali, dillali ya haye iyaka. Ba ma'auni, ba zane, ba jaka mai lamba. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su, tare da na Nok da na Katsina, cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A 2000 ɗin ne kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan guda uku da Faransa ta saya don nunawa a Faris, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato. A 2002 aka daidaita cewa mallakar Najeriya ne, Faransa ta riƙe su aro na shekara 25. Ko gobe aka dawo da na Sakkwaton, wace ƙofa za a kai shi? Mai gemun nan a kan kabari aka kafa shi, ko a ɗakin tsafi, ko a tsakar gida? Mutanensa gero suke ci ko dawa? Suna narka tama? Duk amsoshin suna cikin ƙasar da aka watsar da shebur a bakin ramin, tare da tsingaro da gawayin da ba mai saye. Ba na zagin talakan da yunwa ta sa ya tona. Kuɗin da aka ba shi bai kai na akwatin da aka sa kayan a jirgi ba.

Gwani kuwa ko ya sami wuri mai albarka ba ya tone shi duka. Yakan ɗauki kusurwa ɗaya ya bar saura, don ya san na bayansa za su zo da dabarun da shi bai mallaka ba. Masu tono a zamanin Fagg ba su yi mafarkin za a tatso zuma daga tsingaro ba. In ya kai ƙasar da ba sawun mutum a cikinta, sai ya share bangon ramin tas, ya zana kowace shimfiɗa da launinta da kaurinta, ya ɗauki hoton ƙarshe. Sannan ya shimfiɗa leda a gindin ramin, wani ma ya jefa kwabon bana a kai, don wanda zai tona nan gaba ya san an riga shi. A mai da ƙasar da aka tace kwano-kwano, a tattake, a tuge turaku, a naɗe igiya. Jakunkuna masu lamba su hau mota zuwa inda za a yi wata da watanni ana wankewa da ƙirgawa. Ruwa na sauka, mai gona ya zo da iri ya shuka geronsa a wurin.